Ja da Baya ga Rago: Yadda Ake Saukar da Tirela Bakin Kogi a Abu Hujar

Hantsi bai gama ɗagawa ba na iske wani direba da yaransa a bakin kogi, a wani ƙauyen Hausawa na ƙasar Abu Hujar, a Sudan. Jar tarakta ce ƙirar Massey Ferguson, rana da ƙura sun cinye fentinta, tana jaye da tirela mai taya biyu. A kan tirelar akwai sabon jirgin ruwa na ƙarfe da mai walda ya gama haɗawa a gari, an ɗaure shi tamau da igiya a wuri uku. Daga inda taraktar ta tsaya zuwa ruwa gangare ne mai tsawon taku talatin ko ɗan fiye, faɗinsa kuwa da kaɗan ya ɗara na tirelar. A gefe guda kwazazzabo ne da ruwa ya ƙwaƙule, a ɗaya gefen kuma fadamar albasa ce ta wani bawan Allah, kore shar. Ta wannan ɗan lungu za a kai jirgin, kuma da baya za a kai shi, domin babu filin juyawa a ƙasa, shi kuma jirgi ta wutsiya yake sauka daga tirela.

Direban dattijo ne mai furfura a gemu, ya naɗe ƙasan jallabiyarsa ya soke a ƙugu. Kowa Usta yake ce masa, sunan da mutanen Sudan ke ba wanda ya ƙware a aikin hannu. 'Yan kallo sun taru a inuwar mai shayi suna jiran a fara. Shi kuwa sai ya kashe injin, ya sauko, ya karɓi doguwar gora daga hannun yaronsa, ya nufi ruwa a ƙafa. Daga baya na gane cewa rabin aikin a wannan tattaki aka yi shi.

Dalilin yana cikin halin kogin. Shuɗin Nilu, wanda mutanen gaɓarsa ke ce wa bahar kawai, daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake tasowa, ya ratso Rusairis da Damazin, ya wuce Abu Hujar da Sinja da Sinnar da Wad Madani, kafin ya gamu da Farin Nilu a Khartum. A watannin Agusta da Satumba yake cika maƙil, lokacin da ake kira damira, ruwan ya yi duhu saboda lakar da ya kwaso daga duwatsu. Idan ya janye sai ya bar sabuwar ƙasa a nan, ya ciji gaɓa a can. Wannan cin gaɓa shi suke kira haddam. Ga kuma hannun ɗan Adam: Abu Hujar tana tsakanin madatsun ruwa biyu, ta Sinnar a arewa wadda aka gama a 1925, da ta Rusairis a kudu, ta 1966, wadda aka ƙara wa tsawon mita 10 aka kammala a 2013. Tun 2020 kuma Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta ta kusa da iyaka. In an buɗe ƙofofi can sama, ruwa na iya hawa nan cikin dare. In an rufe, ya ja da baya ya bar ɗanyar laka inda jiya yara ke iyo. Shi ya sa mushra, wato kwatar da ake sauka kogi, ba ta daɗewa da fuska ɗaya. Wanda ya sauke tirela a nan bara, bana baƙo ne.

Hausawan wannan gaɓa sun daɗe suna karatun kogin. Wasu kakanninsu mahajjata ne da suka tako a ƙafa suna nufin Sawakin da Makka, guzuri ya ƙare suka tsaya noma. Wasu kuma mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, waɗanda bayan yaƙin Burmi na 1903 suka ci gaba da hijira gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Sun zo da fatanya da koma da sanin fadama. Jikokinsu sun ɗora tarakta da injin ban ruwa a kan wannan gado, ido dai na kakanni ne.

Ga yadda Usta ya karanta gangaren. Bai bi ta tsakiya ba, ya bi daidai inda tayar hagu za ta taka, da ya dawo kuma ya bi layin ta dama. Kowane taku biyu sai ya danna diddige ya saurari amsar ƙasa. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har hannu ya shige, in ta sha ruwa kuma ta koma sabulu. Mafi haɗari ita ce wadda samanta ya bushe ya yi ɓawo, ƙarƙashinta kuwa kunu. Mutum zai taka ta ɗauke shi, taya ta taka ta nutse har cibiya. Don haka yake soka gora: in ta shiga da wuya ta fito busasshiya, wurin ya yi, in ta zurma da sauƙi ta fito da baƙin danƙo, sai ya nuna wa yara su zuba yashi su shimfiɗa rassan bagaruwa a gicciye. Da ya isa ruwa bai tsaya ba. Ya shiga har gwiwa, har cinya, yana lalube da gorar a gabansa, sai da ta faɗa wurin da ba ta taɓa ƙasa ba. Nan ne bakin rami, inda kogi ya yanke gaɓa a ƙarƙashin ruwa. Ya ja da baya taku uku, ya kafa sanda, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Tayar tirela ba za ta wuce wannan sanda ba, ko da jirgin bai taso ba.

Sannan ya dawo kan kayan aiki, ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko guda. Ya fara da fil, ƙarfen da aka zura ya haɗa hancin tirela da gindin tarakta. Ya duba cewa an kulle ƙasansa da ƙaramar ƙusa don kada girgiza ta fizge shi, ya kuma zagaya sarƙa ta biyu saboda ko ta kwana. Ya tabbatar a kan ƙarfen ja na ƙasa aka maƙala tirelar, ƙasa da gatarin manyan tayoyi, wato sandar da suke juyawa a kanta, domin kayan da aka maƙala sama da nan na iya ɗaga gaban tarakta a hawa ya kifar da ita kan direba. Sai birki. Tarakta irin wannan tana da feda biyu na birki, ɗaya na tayar hagu, ɗaya na dama, don juyi a ƙarshen kunya. A gangare tilas a haɗe su da makullinsu su zama ɗaya, in ba haka ba ƙafa ta taka guda, tarakta ta murɗe gefe. Ƙananan tayoyin gaba ba su da birki, tirelar ma ba ta da shi. Duk nauyin nan a wuyan tayoyi biyu yake. Shi ya sa ya ɗauko waigi biyu na icen bagaruwa, masu kama da gatari marar ƙota, ya miƙa wa ƙaramin yaronsa. Daga ƙarshe ya ɗora bayan hannunsa a cibiyar tayar tirela. Boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da taya ke mirginawa a kansu, yakan yi zafi a doguwar tafiya, in aka tsoma shi ruwan sanyi da zafinsa sai ya zuƙo ruwa da laka ciki. Tattakin da ya yi ya ba shi lokacin hucewa.

Yanzu ga asalin wuyar aikin. Tarakta da tirela jiki biyu ne, fil ɗaya ya haɗa su kamar gwiwar hannu. In ana tafiya gaba tarakta ce ke ja, tirela na bi kamar akuya a igiya, ko ta ɗan karkace tafiyar da kanta za ta miƙar da ita. In aka sa ribas sai lamarin ya juye. Yanzu tura ta ake yi, kuma abin da ake turawa ta kan fil ɗaya ba ya son tafiya a miƙe. Karkata mai faɗin yatsa, in aka ƙyale ta taku biyu, ta zama ta taƙi. In aka ƙara taku biyu, ta zama ta kamu. Wanda ya taɓa tsayar da taɓarya a tafin hannunsa ya san wannan: ba ta tsayuwa da kanta, hannu ne ke binta a ƙasa, yana gyarawa tun kafin ido ya ga za ta faɗi.

Sai kuma abin da ke ruɗa duk sabon shiga. In direba ya murɗa sitiyari dama yana ribas, gindin tarakta zai nufi dama. Gindin ya ture hancin tirela dama. Hanci ya tafi dama, wutsiya kuwa ta karkata hagu. Wato inda hannu ya nufa daban, inda kaya suka nufa daban. Maganin da ake ba almajiri mai sauƙi ne: ya sauke hannunsa ya riƙe sitiyari ta ƙasa. Daga nan, duk gefen da yake so wutsiyar tirela ta bi, can zai kai hannunsa. Amma tarakta ba ta da madubin kirki, direba juyowa yake yi a kan kujera, hannun hagu a sitiyari, na dama a kan murfin taya, fuskarsa na kallon baya. A wannan zama hagu da dama sukan rikice wa mutum. Saboda haka Usta ya hana a ambace su. Kalmomin kogi ake amfani da su, waɗanda kowa a Sudan ya sani: sa'id, wajen da ruwa ke fitowa, da safil, wajen da yake gangarawa. Ko mutum ya juya ko bai juya ba, kogi hanya ɗaya yake bi.

Kowane gyara motsi uku ne. Na farko karyawa: a ɗan murɗa sitiyari don wutsiya ta fara nufar inda ake so. Na biyu bi: da zarar ta ɗauki hanya, a mayar da sitiyari ɗaya gefen domin tarakta ta bi sawun tirela, kada kusurwar da ke tsakaninsu ta ci gaba da rufewa. Na uku miƙewa: a dawo da sitiyari tsakiya tun kafin su gama daidaita, domin tirela tana jinkirin amsawa, abin da hannu ya yi yanzu sai bayan taku ɗaya ko biyu zai bayyana a wutsiya. Tsawon tirela ma yana da magana. Doguwa mai haƙuri ce, tana juyawa a hankali, tana ba mutum lokacin tunani. Gajera kuwa, wadda tayoyinta ke kusa da fil, ƙiftawar ido ta lanƙwashe. Na lura hannun Usta bai taɓa murɗa sitiyarin fiye da rubu'in zagaye ba a duk saukar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin ya sa ribas, sai da ya yi gaba. Ya zagaya fili, ya wuce bakin gangaren, ya ci gaba da tafiya har tarakta da tirela da gangare suka zama layi ɗaya kamar zaren magini. Ya leƙa baya, bai gamsu ba, ya ƙara gaba taku biyar. Wanda ya shiga gangare a miƙe gyara kaɗan zai yi a ciki. Wanda ya shiga a karkace kuwa, a wurin da ba fili, da kaya na jansa, zai biya bashin da ya ƙi biya a sama. A nan ne kuma aka kwance igiyoyi biyu na tsakiya da na wutsiyar jirgin, aka bar ta hanci kaɗai a ɗaure, aka ƙara wata doguwa a hancin, mai jirgi ya riƙe bakinta.

Sai ya kira babban yaronsa, matashi ɗan shekara sha bakwai ko makamancin haka. Ya ce, "Ɗana, tsaya inda zan ga fuskarka. In ban gan ka ba, tsayawa zan yi."

Yaron ya ce, "To, Baba."

Ya tsaya a gefen sa'id, can nesa da layin taya, domin ba a shiga tsakanin tirela da ruwa. Alamominsu kaɗan ne. Tafin hannu na kira a hankali, taho. Hannu ya miƙe gefe, wutsiya ta nufi can. Hannu biyu a buɗe suna matsowa, ga sauran tazarar da ta rage. Dunƙulen hannu a sama, tsaya cak. Daga inuwar mai shayi muryoyi sun fara tashi, wannan na cewa a karya, wancan na cewa a miƙe, kowa da kofinsa a hannu. Usta bai waiwaye su ba. Ido ɗaya ya ara a wannan safiya, na yaron da ya ga wahalar shimfiɗa rassa, shi kaɗai yake saurara.

Ya ce Bismillahi, ya sa ƙaramar giya, ya sa ribas, ya bar totur a ƙasa, ya saki kuloci sannu a hankali har ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya. Wannan ɗauke ƙafa babban darasi ne. Mai tsoro yakan taka kuloci a gangare yana zaton zai rage gudu, alhali ya raba taya da inji ne, kaya su kwashe shi da gudu. In giya na ciki, injin da kansa ke riƙe nauyin, tarakta na tafiya kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu. Tirela ta isa bakin gangare, wutsiyar jirgi ta sunkuya, hancinsa ya ɗaga sama ya tare wa direba gani. Na ɗan lokaci ba ya ganin tayoyin tirela sam, sai hannun yaro. Sai aka ji ƙwas a wurin fil. Wannan ƙara ita ce sanarwar cewa tirela ta daina jiran a tura ta, yanzu ita ke jan tarakta. Ƙafar Usta ta matsa kan birki tana shafarsa, ba ta danna ba, domin tayar da aka kulle a kan laka sulɓewa take yi, wadda ke juyawa ita ke riƙe ƙasa. Ƙaramin yaro na tafe a gefen babbar taya da waigi a hannu, idonsa a kan taya, ba ya kallon kogi, ba ya kallon jama'a.

A tsakiyar gangare tayar tirela ta wajen safil ta faɗa wani ɗan gurbi, wutsiya ta zame wajen kwazazzabo da kamar taƙi biyu. Yaro ya ɗaga dunƙule. Usta ya tsaya, waigi ya shiga bayan taya kafin ƙurar ta kwanta. A irin wannan wuri ne mai girman kai ke cewa zai gyara da ribas, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, tirela ta naɗe kamar askar aljihu, hancinta ya daki babbar taya, ko ta kife da kayan mutane. Usta ya sa giyar gaba, ya hau taku huɗu, tirela ta miƙe da kanta kamar yadda takan yi in ana janta. Aka cike gurbin da yashi da rassa. Ya sake sa ribas. Ba wanda ya ga alamar kunya a fuskarsa, domin ba abin kunya a ciki. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A wannan sana'a karin maganar ta kan juye: mai ribas, ja da bayansa shi ne ya yi gaba.

Da tayoyin tirela suka taɓa ruwa sai wani sabon hannu ya shigo aikin, hannun kogi. Abu Hujar tana gaɓar yamma, ruwa na tafiya daga kudu zuwa arewa, saboda haka da wutsiyar jirgi ta fara tasowa, igiyar ruwa za ta ture ta wajen safil. Usta ya san da wannan tun yana sama, shi ya sa a taku biyar na ƙarshe ya ɗan karkatar da wutsiya wajen sa'id, ya ba kogi abin da zai karɓa. Mai jirgi ma ya koma gefen sa'id da doguwar igiyarsa, ya naɗa ta a kututture. Hannun yaro biyu na matsowa, kamu biyu, kamu ɗaya, taƙi. Dunƙule. Tayar tirela ta tsaya daidai da jan ƙyalle, manyan tayoyin tarakta kuwa suna kan busasshiyar ƙasa, ko danshi ba su taɓa ba. Wannan ita ce dokar da ba a karyawa: tirela ta jiƙe, tarakta ta zauna a tudu. Aka sa waigi biyu, aka kulle birki. Sai a lokacin aka kwance igiyar hanci. Mutum huɗu suka sa kafaɗa, suka yi salati, jirgi ya zame a kan katakon da aka jiƙa, ya yi rawa sau biyu, ya zauna a kan ruwa.

'Yan kallo suka fara watsewa, a ganinsu an gama. Saura fita, kuma fita na da nata sharuɗɗa. Tayoyin tirela sun ɗan zauna a laka, laka kuwa ba ta sakin abin da ta kama da garaje. Ya sa ƙaramar giya ta ɗaya, ya ɗan ƙara totur, ya saki kuloci har ya ji tarakta ta ɗauki nauyin, sannan ya ɗaga birki, yaro ya zare waigi. In taya ɗaya ta fara juyawa a wuri guda, ba a ƙara mata wuta, domin goge lakar za ta yi ta zama madubi, ta haƙa wa kanta kabari. Akwai feda a ƙarƙashin diddigen dama da ke kulle manyan tayoyi biyu su juya tare. Ita ake takawa, a miƙe, a sake ta kafin a yi kwana. Da ya hau tudu bai wuce gida ba. Ya sa aka wanke lakar cibiyar taya, aka cusa sabon giris.

Muna shan shayi na tambaye shi, "Baba Usta, shekara nawa mutum ke yi kafin ya iya wannan?"

Ya nuna ƙaramin yaron da haɓa. Ya ce daga waigi ake farawa. Mai waigi shekara guda yana kallon taya, har ya san sautin ƙasar da za ta riƙe da wadda za ta ci amana. Daga nan ya zama mai ba da hannu, ya koyi ganin karkata tun tana jaririya, ya ga yadda wutsiya ke amsa sitiyari daga waje. Sai bayan haka ya hau kujera, kuma ba a bakin kogi ba. Bayan an kwashe dawa da riɗi, a masussuka ko filin ƙwallo, ake jera duwatsu layi biyu. Darasin farko tafiya da baya a miƙe, taku hamsin, ba tare da taɓa dutse ba. Wasu sukan yi mako a kan wannan kaɗai. Sannan kwana wajen da direba ke gani sosai, sannan kwana wajen makanta. Sannan a kafa durom biyu a ce ya shige tsakaninsu, kullum ana matso da su. Tirela marar kaya ta fi wuya, domin tana tsalle kuma ba a ganin wutsiyarta, don haka akan ɗaura sanda mai ƙyalle a kowace kusurwa. Ya ce yaran da suka tashi da karo, wato amalanken jaki, sun fi saurin ganewa, domin sun riga sun san abin da taya biyu ke yi in aka tura su baya.

Sama da wannan akwai wani mataki, tirela mai taya huɗu wadda tayoyin gabanta ke juyawa. Ita gwiwa biyu gare ta, ɗaya a fil, ɗaya a ƙarƙashin gabanta, saboda haka lissafin yakan juye sau biyu, kuma kuskure na girma ninki. Direbobi da yawa sukan tsufa ba su iya mayar da ita baya taku goma ba, sai dai su kwance ta a tura da hannu. Wanda ya iya, sunansa kan zagaya ƙauyuka.

A Amurka da Turai, inda mutane ke jan jiragen shaƙatawa da motocinsu, kwatar siminti ce mai tsagi-tsagi, kuma duk da haka sabon shiga na shan wuya. Har kamfanin Ford ya sa wa motarsa F-150 ta 2016 wani ɗan maɓalli da direba ke murɗawa wajen da yake so tirela ta bi, kwamfuta ta juya sitiyari da kanta. Dabara ce mai kyau, ta warware lissafin hagu da dama. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon laka, da ramin da ke ɓoye a cikin ruwa, da igiyar ruwan da za ta ture wutsiya, waɗannan har yanzu sai diddige da gora da shekaru.

Harafi ɗaya ne tsakanin rago da raggo. Dukansu kan ja da baya in aiki ya taso. Ɗaya yana auna tazara ne, ɗayan yana neman inuwa. Waɗanda suka zauna wajen mai shayi sun ga tarakta ta sauka ta hau cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, suka tafi da labarin cewa abu ne mai sauƙi. Yaron waigi ya tafi da laka har gwiwa, da kuma sanin dalilin da ya sa aka tsaya a tsakiyar gangare. Bayan shekaru kaɗan shi za a aika a kira in sabon jirgi ya iso.

Na ga wannan aiki ne kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, wanda wutarsa ta kai Sinja da ƙauyukan kewayenta a 2024, ta tarwatsa iyalai da dukiya. Ina yawan tuna mutanen wannan kwata, ina roƙon Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ana iya ƙwace tarakta, kogi ma na iya cinye mushra a damira guda. Abin da ke hannun Usta da idon yaransa yana tafiya tare da su duk inda suka sa ƙafa, kamar yadda sanin fadama ya biyo kakanninsu daga Sakkwato.

Kafin in bar wurin a wannan rana, na koma bakin gangaren ni kaɗai na duba ƙasa. Sawun taya biyu ne suka sauka har ruwa, a miƙe, sai ɗan lanƙwasa guda a inda aka cike gurbi. Sawun fita ya hau daidai kan sawun shiga. Tsakanin taya da kunyar farko ta fadamar akwai tazarar tafin hannu, kuma ko ganyen albasa ɗaya bai kwanta ba.